Yadda ake nemo kan jirgi mai kyau a wasan tuƙin jirgin ƙasa

Layin dogon da ya taso daga Kuru, kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, sannan ya ƙarasa Maiduguri a 1964. Iyayenmu sun san kukan jirgi, sun ga taragon auduga da na gyaɗa. Da yawa daga cikin matasan Gombe na yau kuwa ba su taɓa shiga tarago ba, sai dai su bi ta gefen tasha su kalli ƙarafa. Shi ya sa nake jin daɗi ƙwarai idan na ga yaro a Jekadafari ko Pantami ya buɗe kwamfuta yana koyon sakin birki, yana bin sigina, yana ƙoƙarin tsayar da jirgi daidai bakin dandamali. Wasa ne, amma akwai ilimi a cikinsa.

Sai dai duk wanda ya ɗan jima yana wasan, wata rana kawunan jirgin da suka zo da shi za su ishe shi, ya fara neman ƙari. A nan ne ake tafka asarar data da kuɗi. Mutum ya ga hoton wani kan jirgi ya burge shi, ya sauke, ya ɗora, ya buɗe wasa, sai ya tarar babu shi, ko ga shi nan amma babu ƙara, ko ɗakin direba fayau babu ko maɓalli. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: kan jirgi ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da wasan da aka yi shi dominsa, da layin da ya dace da shi, da wasu fayiloli da yake jingina da su. Ga yadda ake bi.

Da farko ka san wasan da ke hannunka

Abin kamar sayen kayan gyaran babur ne: ba ka cewa a ba ka fistan kawai, sai ka faɗi irin mashin ɗin. Wasannin da aka fi samu gida huɗu ne, kuma kayan wannan ba ya shiga wancan.

Akwai Open Rails, wanda kyauta ne, kuma yana karanta kayan tsohon Microsoft Train Simulator da ya fito a 2001. Saboda tsufan wannan gida, kawunan jirgi na kyauta da masu sha'awa suka ƙera masa suna da ɗimbin yawa. Akwai Train Simulator Classic na kamfanin Dovetail Games na Ingila, wanda a da ake kira RailWorks, ana sayensa a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet. Kamfanin nan kuma shi ke da Train Sim World, wanda ya fara fitowa a 2017, yana kan kwamfuta da PlayStation da Xbox. Ka lura da kyau a nan, domin sunayen biyu suna rikita mutane: kamfani ɗaya ne, amma abin da ka saya wa Train Simulator Classic ba zai yi aiki a Train Sim World ba, haka nan abin da ka saya a PlayStation ba zai biyo ka Steam ba. Na huɗu shi ne Trainz na kamfanin N3V Games na Ostareliya.

Bayan sunan wasan, ka duba wane fitowa ne kake da shi. A Trainz musamman, kowane kaya yana ɗauke da lambar da ke nuna fitowar da aka ƙera shi dominta, kuma tsohon wasa ba ya karɓar kayan da lambarsa ta fi tasa. Idan kuwa a waya kake wasa, zancen gajere ne: yawanci abin da ke cikin shagon manhajar shi ne iyakarka. Wanda ya ce maka zai tura maka kan jirgin kwamfuta ka sa a waya, kada ka ɓata lokacinka.

Sai ka dubi ƙarfin na'urarka

Yawancinmu tsofaffin laftof na hannu muke riƙe da su, irin waɗanda ba su da katin hoto na daban. Irin wannan na'ura za ta ji daɗin Open Rails, za ta iya lallaɓa Train Simulator Classic idan an rage kyan hoto, amma Train Sim World zai wahalar da ita. Kan jirgi mai tarin kwalliya, wanda aka zana masa kowane noti, yana cin RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, kuma idan ka jera masa taragu talatin sai hoto ya riƙa tsinkewa. Ka duba gurbin da ya rage a ma'ajiyar kwamfutar, ka duba nauyin fayil kafin ka taɓa shi. Na Open Rails yawanci marasa nauyi ne, na Train Sim World kuwa lissafin gig ake yi. Babban kaya a bar shi sai an samu garaɓasar datar dare, kuma batir cike, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa daga wasu shafukan, sai dai a koma farko. Steam dai yana ci gaba daga inda ya tsaya.

Daga layi ake farawa, ba daga hoton jirgi ba

Wannan shi ne matakin da na fi so a tsaya a kai. Kafin ka nemi kan jirgi, ka tambayi kanka: a wane layi zan tuƙa shi, kuma me zai ja?

Abu na farko faɗin layi. Tsohon layinmu da ya ratsa Bauchi da Gombe faɗinsa milimita 1067 ne, wato ƙafa uku da inci shida. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1435 ne, irin na Ingila da Amurka da Jamus. Yawancin wasannin ba za su hana ka ɗora kan jirgin babban layi a kan ƙaramin layi ba, zai ma yi tafiya, amma za ka ga ƙafafunsa suna shawagi a wajen ƙarfe. Ga wanda ya damu da abin ya yi kama da gaskiya, wannan ya ɓata komai.

Na biyu makamashi. Kan jirgi mai dizal yana shiga ko'ina, shi ya sa nake ba sabon shiga shawara ya fara da shi. Mai lantarki sai layin da ke da wuta, wutar ma iri-iri ce. A Ingila akwai wayar sama mai bolt 25,000, a kudancin ƙasar kuma akwai layukan da jirgi ke shan wuta daga ƙarfe na uku da ke kwance gefen layi, mai bolt 750. Jamus tana amfani da wayar sama mai bolt 15,000. Mai tururi kuwa, wanda ake hura wa kwal, yana da daɗi matuƙa, amma aikinsa biyu ne: kana tuƙi kana lura da wuta da ruwan tukunya. Kada ya zama shi ne sayenka na farko.

Na uku mahaɗi da birki. Jiragen Amurka suna haɗuwa da wani maƙulli mai kama kansa da kansa idan tarago ya bugi tarago. Na Turai galibi ƙugiya ce da sarƙa mai zare, da faifai biyu na tare karo a kowane gefe. Idan ka sayi kan jirgin Amurka alhali taragunka duka na Ingila ne, za ka yi ta matsowa kana bugu, ba za su kama ba. Birki ma haka: akwai na matsin iska, akwai tsohon yayi mai zuƙe iska, wanda tsofaffin jiragen Ingila suka yi amfani da shi. Idan na kai da na taragu suka saɓa, ko birki ya ƙi saki, ko ya ƙi kamawa.

Na huɗu na'urorin tsaro. Jirgin Ingila yana da AWS, wata ƙara da ke gargaɗin direba kafin sigina, idan bai danna amsa ba jirgi ya taka birki da kansa. Na Jamus yana da PZB da Sifa. Waɗannan suna aiki ne da na'urorin da aka dasa a layin ƙasarsu, ban da Sifa da ke gwada ko direba yana farke. Ka kai jirgin Jamus layin Ingila, ka rasa rabin daɗinsa.

Sai aikin da za a yi. Class 08 na Ingila ɗan ƙaramin kai ne na jera taragu a cikin tasha, ƙarfinsa bai wuce doki 350 zuwa 400 ba, gudunsa kuma bai wuce mil 20 a awa ba. SD40-2 na Amurka ƙarfin doki 3,000 ne, an yi shi ne don jan kaya masu nauyi. Wanda yake son hawa irin na Bauchi zuwa tsaunukan Jos da dogon jerin taragu ya san wanda zai ɗauka a cikin biyun.

Tun da mun ambaci gida, ga wata dabara ga mai son abin da ya yi kama da namu. Kada ka tsaya neman sunan Najeriya kawai. Ka nemi ƙasashen da ke da faɗin layi irin namu: Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Indonesiya, Niyu Zilan, jihar Kwinsland ta Ostareliya, da tsofaffin layukan Japan. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta yi aiki da kawunan dizal na kamfanin General Electric, ita ma Afirka ta Kudu haka, don haka kawunansu irin Class 33 da Class 34 suna da kamanni da abin da dattawa suka saba gani. A Train Simulator Classic akwai layin Outeniqua Choo Tjoe na Afirka ta Kudu, mai wannan faɗi.

Inda ake nema

Ga Train Simulator Classic da Train Sim World, shagon Steam ne ƙofar farko. Ka shiga shafin wasan ka buɗe jerin kayan ƙarinsa, ka tace da sunan ƙasa ko na kan jirgi. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da nasu a shafukansu, irin Armstrong Powerhouse da Just Trains na Ingila. Ga Trainz, akwai rumbun kamfanin da ake kira Download Station, ana shigarsa ta Content Manager, manhajar sarrafa kaya da ke zuwa tare da wasan. Kayan kyauta ne, sai dai saukewar tana jan ƙafa ga wanda bai sayi tikitin ƙarin gudu ba. Ga Open Rails, ka fara da shafin wasan kansa, sannan rumbunan fayiloli na masu sha'awa irin na TrainSim.com.

Wajen bincike ka rubuta cikakken suna da sunan wasa tare. “Jirgin dizal” ba zai kai ka ko'ina ba. “Class 37 Open Rails” zai kai ka.

Akwai masu yawo da filas cike da kayan da aka fasa, su ce maka duk kawunan duniya suna ciki. Ina roƙonka ka bar su. Ta nan bairos ke shiga kwamfuta, kayan kuma sau tari guntaye ne, ba sa karɓar gyaran da maƙerin ya fitar daga baya. Ga kuma haƙƙi: wani ya share watanni yana aunawa, yana zane, yana naɗar ƙarar inji. Idan babu kuɗi, kayan kyauta na halal sun ishi mutum shekaru.

Karanta kafin ka sauke

Ɗan'uwa, minti biyar na karatu a nan ya fi maka gig biyu. Abin da kake nema shi ne jerin abubuwan da kan jirgin yake buƙata.

A Steam, ka gangara ƙasan bayanin. Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa ayyukan tuƙin da suka zo da wannan kai suna buƙatar layi kaza, wanda ake sayarwa daban. A Train Sim World wannan ya fi tsanani, domin akwai kawunan da ba su da amfani sai kana da layin da aka ɗaura su a kai. To ka haɗa kuɗin biyun kafin ka yanke shawara.

A kayan kyauta na Train Simulator Classic, da yawan abin da ake kira sabon kan jirgi fenti ne kawai aka sake wa wani na kuɗi. Idan ba ka da na asalin, fentin ba shi da jikin da zai hau. Takardar bayanin da ke cikin zif ɗin, wato matsattsen fayil ɗin da ka sauke, za ta ce ka kwafo wani fayil mai ƙarewa da .GeoPcDx daga foldar na asalin, ko ka danna wani ɗan fayil na .bat ya kwafo maka. Da ka ga wannan, ka san akwai sayayya a gaba.

A Trainz kowane abu yana da lambar shaida da ake kira KUID: jikin jirgi da tasa, ƙafafu da tasu, ɗakin direba, ƙarar inji, ham, duk daban. Content Manager zai nuna maka waɗanda suka ɓace. Idan suna cikin Download Station, ka ce ya sauko da su. Idan kuwa ya nuna bai san su ba, to suna wani shafin ne, wataƙila ma shafin ya mutu. Kan jirgin da ke da tarin irin waɗannan lambobi, ka haƙura da shi tun da wuri.

Na Open Rails ya fi sauƙin bincike, domin kana iya leƙa cikinsa da idonka. Ka buɗe foldar kan jirgin, ka nemi fayil mai ƙarewa da .eng, ka buɗe shi da Notepad. Rubutu ne kawai. Za ka ga layin Mass mai nuna nauyi, da MaxPower mai nuna ƙarfi, da Coupling mai nuna irin mahaɗi, da BrakeSystemType mai nuna irin birki. Sai ka nemi CabView da Sound. Idan sunan fayil ne kawai a gabansu, ɗakin direba da ƙara suna cikin foldar. Idan kuwa ka ga ɗigo biyu da sanda a gaba, sannan sunan wata folda irin common.cab ko common.snd, to aro yake yi daga wani wuri, kuma sai ka nemo wannan foldar. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini laftof ɗinsa yana cewa jirginsa kurma ne. Layi ɗaya muka karanta a wannan fayil muka gane foldar da babu.

Yadda ake gane mai kyau

Hotunan talla duka masu kyau ne, don haka kada su ruɗe ka. Ka nemi bidiyon wani yana tuƙa shi a YouTube, ka rage ingancin hoton don tsimin data, ka sa abin ji a kunne. Ƙarar inji tana hawa a hankali idan an ƙara wuta, ko tsalle take yi? Ana jin inda naɗin ya ƙare ya sake farawa? Ka dubi ɗakin direba: allurai suna motsi, maɓallai suna aiki, ana iya karanta rubutun? A nan za ka zauna awa da awanni, ba a waje ba. Ka lura da tashi da tsayawa. Jirgi mai jan tan dubu ba ya zabura kamar mota. Idan ka ga ya zabura, maƙerin bai yi aikin lissafi ba.

A ganina ƙara da yanayin tuƙi sun fi kwalliyar jiki muhimmanci nesa ba kusa ba. Kai guda da aka ƙera da kulawa zai riƙe ka wata da watanni.

Ka duba ko yana da littafin jagora, ka karanta shi kafin saye idan an saka shi a shafin. Wasu kawunan Train Simulator Classic masu alamar Pro Range sai ka bi matakai da dama kafin inji ya tashi. Ga gwani daɗi ne, ga sabon shiga takaici. Sharhin masu saye ma ka karanta, ka fi ba na baya-bayan nan muhimmanci, musamman masu ƙorafi, domin su ne za su gaya maka idan sabunta wasan ya lalata wani abu.

Biyan kuɗi

Da dala ake biya, kuma ba kowane katin banki ne ke wucewa ba, don haka ka tambayi bankinka tukuna. Kada ka saya a cikakken farashi idan ba dole ba. Ka sa abin a jerin buƙatunka na Steam, za su aiko maka da saƙo idan an yi rangwame. Manyan rangwamen suna zuwa ne ƙarshen watan Yuni da kuma Disamba. Ka duba ko akwai ƙunshin da ya haɗa layi da kan jirgi, ka kuma tabbata wanda kake so bai riga ya zo cikin wani layin da ka mallaka ba. Steam yana mayar da kuɗin kayan ƙari idan ka nema cikin kwana 14, matuƙar ba ka yi awa biyu a wasan ba tun bayan sayen. Saboda haka ranar da ka saya, gwaji za ka fara yi, ba doguwar tafiya ba. Shagunan kamfanoni kuwa kowa da ƙa'idarsa.

Ɗorawa da gwaji

Abin da ka saya a Steam da kansa yake shiga. Sauran sai da hannu, kuma kafin ka taɓa komai ka kwafi foldar da za ka canja ka ajiye gefe.

A Train Simulator Classic, idan fayil ɗin .rwp ne, ka shiga foldar RailWorks ka buɗe Utilities.exe, ka je Package Manager ka ɗora shi. Idan folda ce mai suna Assets, ka haɗe ta da taka. Bayan nan ka share ma'ajiyar wucin gadi ta cikin saitin wasan, sannan ka neme shi a Quick Drive, sashen da ake zaɓar kai da layi a fara tuƙi nan take. A Trainz, fayil ɗin .cdp ne, ka ja shi ka jefa cikin Content Manager, ka duba ko ya nuna matsala. A Open Rails, foldar kan jirgin tana shiga TRAINSET da ke cikin TRAINS. Ka kiyaye tarkon folda cikin folda, wanda warware zif ke jawowa: fayil ɗin .eng ya kasance kai tsaye cikin foldar kan jirgin. Kuma ba za ka gan shi a jerin zaɓi ba sai akwai fayil ɗin .con a cikin CONSISTS, wanda ke faɗin kai kaza ne ke jan taragu kaza. Idan bai zo da shi ba, manhajar TSRE5 tana haɗa shi.

Ɗaya-ɗaya ake ɗorawa. Ka sa guda, ka gwada, sannan na gaba. Idan ka zuba goma lokaci ɗaya wasa ya ƙi buɗewa, ba ka san mai laifi ba. Gwajin kansa gajere ne: ka tayar da inji, ka kunna fitila, ka busa ham, ka saki birki, ka ja taragu kaɗan, ka tsaya, ka koma baya, ka cire tarago ka sake haɗawa. Idan Open Rails ya tsaya cak, ka buɗe OpenRailsLog.txt da yake ajiyewa a fuskar kwamfuta, galibi zai ambaci sunan fayil ɗin da ya nema bai samu ba.

Idan komai ya yi daidai, kada ka goge zif ɗin. Ka ajiye shi a filas ko wata ma'ajiya ta waje, tare da ɗan rubutu mai nuna inda ka samo shi da abubuwan da yake buƙata, domin shafukan masu sha'awa suna rufewa, kwamfuta ma takan buƙaci a wanke ta. Idan abokinka a Bauchi ya ce ka tura masa, na kuɗi ba a rabawa. Na kyauta kuma ka duba takardar bayanin, domin wasu maƙeran sun yarda a raba, wasu sun ce a tura mutum shafinsu ya sauke da kansa.